Jitar Kawu Mai Faɗin Wuya

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa, bayan jinyar wata biyu. Allah ya hutar da shi, mu da muka rage ya ba mu haƙurin rashinsa. Wan mahaifiyata ne, kuma tun da ta rasu shi kaɗai ya rage a duniya mai iya kirana ya zage ni in tsaya ina saurare.

Mutane sun zo. Tsofaffin sojoji abokan aikinsa suka jeru a benci, wasu da lambobi a ƙirji, suna gardama kan ko shi ya riga wane barin aiki. Matan zumuntar coci suka cika tsakar gida da waƙa har aka rasa inda za a ɗora tukunya. Maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Limamin unguwa ya riƙe hannuna ya ce, "Shekara talatin katangarmu ɗaya da shi. Ko yana tsakiyar kiɗa, da ladan ya ɗaga murya sai ka ji ɗif, ya kifa tafin hannu a kan wayoyin jitarsa. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi haka." Mai shagon kayan kiɗa da lasifika na bakin kasuwa, mutumin kudu ne da ya daɗe a Zuru, ya rufe shago ya zo yana share ido da hankici. "Baba ya tafi," in ji shi. "Yanzu wa zai zo ya zagi kaya nawa?"

A coci fasto ya karanta tarihinsa daga takarda. Ƙauyen da aka haife shi can cikin duwatsu, shigarsa soja, igiya ukun saje da ya samu, 'ya'ya, jikoki. Ban ji an ce jita ba ko sau ɗaya. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana riƙe da waƙar cocin nan da hannunsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don in an bar wa takardar nan, nan da shekara biyar jikokinsa za su ɗauka wani saje ne kawai da ya yi noma ya mutu.

Kashegarin binnewa matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita kuma Saje take kiransa, ta aika a kira ni. Na same ta a bakin gado, ta miƙe ƙafafu.

"An sa sujadar godiya Lahadi ta uku," ta ce. "Kai za ka kaɗa masa waƙarsa."

"Inna, shekara goma sha ɗaya ban taɓa waya ba."

"Na sani. Ni ma ina nan ai, ba tafiya na yi ba. Shi ya ce. Ya ce in ba kai ba, kada kowa ya kaɗa, a rera da baki kawai."

Waƙar da take nufi shi ya shirya ta da harshenmu, C'lela, a kan manomin da ya yini a gona yana hanyar gida. Duk cocin sun iya ta da baki. Kiɗanta kuwa mutum biyu ne suka taɓa iyawa, kuma mun rufe ɗaya da ƙasa. Na ce mata to. Me zan ce?

Sai an san hannun Kawu kafin a gane jitarsa. Ya yi wa uban Inna golmo shekara bakwai, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Daga nan ya ɗauki bindiga, daga bindiga ya koma garma. Yatsunsa kamar saiwar rogo suke, gajeru, masu kauri, kan kowanne ya baje. In ya riƙe kofin shayi sai kofin ya ɓace. Da wannan hannun yake tsinkar waya ɗaya ɗaya kamar mai molo, ba ya sharar su gaba ɗaya yadda samari ke yi.

Jitar a bariki ya same ta, wurin wani soja da aka yi wa canjin gari. Ba ta da kyau. Fentinta ya koɗe inda damtsensa ke kwanciya, wuyanta kuma ya fi na kowace jita da na taɓa gani faɗi. Ga wanda bai sani ba, wayoyin jita shida ne. Suna tasowa daga cikinta su bi wuya, can ƙarshe su hau wani ɗan farin abu mai tsagi shida kafin su kai kunnuwan da ake murɗawa. Ɗan abin nan shi ke raba tazara tsakanin waya da waya. Na kamfani roba ne. Kawu ya cire na tasa ya jefar, ya sassaƙa wani da ƙashin ƙwaurin bijimi, ya buɗa tsagin yadda kowane yatsansa zai sami wurin zama ba tare da ya taka maƙwabci ba.

Yana da gwaji guda, kuma da shi ya addabi mai shagon nan shekara da shekaru. Zai ɗauko jita daga bango, ba ya ko kallon fentin. Ya danna waya ta uku da yatsan tsakiya, sannan ya tsinki ta sama da ta ƙasa.

"In sun yi magana, jitar taka ce," yake cewa. "In sun yi tuf kamar an daki katifa, rataye wa mutumin abinsa."

"Baba, wannan daga waje ne fa! Sabo fil!"

"To mutanen waje ba su noma ne? Dubi yadda suka matse wayoyin kamar fasinjan motar Wasagu ranar kasuwa."

Daga nan ya zaro tsinken ashana daga bayan kunne ya tura ƙarƙashin wayoyin, a kusa da kan wuya. In tsinken ya shige yana lilo, wayoyin sun yi tsawo, za su yanka yatsa kafin a gama baiti biyu. In ya ƙi shiga sam, za su riƙa zuza a kan ƙarafan da aka gicciya a wuya. Mai shago ya yi ta kama ƙugu yana cewa Baba zai kashe masa kasuwa, amma duk wanda ya zo sayen jita sai ya ce masa, "Je ka kawo Baba tukuna."

Kada a ɗauka mai faɗi kawai yake yabo. Akwai wata 'yar mawaƙa, ɗiyar maƙwabcinmu, siririya, yatsu kamar karan dawa. Ta dage ita irin ta Baba take so. Ya miƙa mata tasa ya ce ta danne wayoyi shidan da yatsa ɗaya. Ta danna, wuyan hannunta ya hau rawa, ta cije leɓe.

"Sake."

Ta sake, hawaye ya kawo.

"Kin gani? Mai faɗi tana ba yatsa wuri, amma wuyan hannu ke biyan wahalar. Ni nawa ya saba da garma. Ke me ya kai ki?"

Ya tafi da ita shago da ƙafa, ya yi rabin yini yana sauke kaya, ya zaɓar mata wata 'yar siririya mai laushin waya. Yau ita ke jan mawaƙa a wani coci a Dirin Daji. Ranar makoki ta durƙusa gaban Inna tana kuka.

Ni ya fara koya mini tun kafin in yi aure. Magini ne ni, siminti da bulo sun mai da hannuna kusan irin nasa, don haka a kan jitarsa na koya. In ya gaji a coci sai ya miƙo mini. Shekaru muna haka, shi a gaba ni a gefe, ba ni da tawa.

Sai wata rana na ga wata ja a shagon, tana ƙyalli har kana ganin fuskarka. Wuyanta siriri, ta zauna a hannu kamar ba a riƙe komai ba. Mai shago ya ce, "Oga magini, kira Baba ya gwada." Na ce ni ba yaro ba ne da za a riƙe wa hannu a kai shi kasuwa. Ina da mata da 'ya'ya uku lokacin. Na san gwajin sarai. Ban yi ba, don na san abin da zai nuna.

Na ɓoye ta sai ranar godiyar girbi, coci cike, buhunan dawa jere a gaban bagade. Aka tada waƙar Kawu, na shiga. Duk inda na danna, yatsana sai ya kwanta kan waya biyu. Rabin sautin ya mutu. Mawaƙa suka juyo suna nemana, suka rasa inda za su kama, wata a baya ta yi dariya. Kawu ya tashi daga bencinsa, ya tako a gaban kowa, ya zare jitar daga hannuna, ya ɗora mini tasa a cinya. Da ya tsaya nan da ba komai. Sai ya ɗaga tawa sama ya ce da muryar fareti, "Da ido ka saya. To kaɗa da ido mu gani."

Coci ya fashe da dariya, har da matata, ko da yake ta ce tari ne. Na ajiye jitarsa a benci na fita.

Bai kyauta ba. Ya mutu, amma ba zan ce ya kyauta ba. Haka yake, in ya yi gaskiya sai ya yi ta a gaban jama'a da ƙarfi, kuma bai taɓa sanin yadda ake ba da haƙuri ba. Bayan kwana uku ya aiko Inna ta ce in kawo jan abin nan ya sassaƙa mata ƙashi, wuyan ba shi da wuri amma zai samo mini ko kaɗan. Yanzu na gane ban haƙurinsa ke nan. Lokacin ban gane ba. Na ce ta gaya masa na ba da ita, kuma na ba da ita ɗin.

Ba mu yi gaba ba. Ina gaishe shi, ni na gina masa ɗakin da ya mutu a ciki, shi ya yi tsaye a auren ɗiyata. Maganar jita ce kawai ba ta sake haɗa mu ba. Ranar Lahadi yana kaɗawa a gaba, ni ina can bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Na ga lokacin da hannunsa ya fara rawa. Na ga ya fara tsallake wuraren da ke da wuya. Yakan ɗago ya dubi bayan coci, ni kuma in duba littafin waƙa. Shekara goma sha ɗaya.

Da ciwo ya kwantar da shi nakan biya in na tashi aiki. Wata la'asar ya ce in ba shi hannuna. Ya juya shi, ya latsa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya haɗa tafinsa da nawa.

"Sun ƙara kauri," ya ce. "Yanzu sun kai nawa, Magini."

Na jira ya ƙara wani abu. Sai ya ce in miƙo masa ruwa.

Da wannan na riƙe zuciyata bayan maganar Inna. Na ce ko hannu ya manta, jitar ai an yi ta daidai da shi, mako biyu ya isa in tuna. Na je ɗauka aka ce babban ɗansa, taubashina, wanda ke aikin ofis a Kaduna, ya tafi da ita. Na kira shi ya ce in kwantar da hankali, abin mamaki yake shirya mini. Bai dawo ba sai Laraba, saura kwana huɗu.

"Magini, wanke hannunka tukuna, kada ka shafa mata siminti," ya ce yana zuge sabuwar jaka. "Zo ka ga aikin birni."

An goge ta, an shafa mata mai tana sheƙi, an sa sababbin wayoyi. Na duba kan wuya. Farar roba ce a wurin, tsaginta a matse a tsakiya, an bar fili a gefe da gefe kamar titin da ba a gama ba.

"Ina ƙashin?"

"Wannan tsohon abin mai kama da haƙorin mai cin goro? Mai gyara ya ce ba a yin haka, tazarar ta wuce ƙa'ida. Na ce ya cire."

"Ina yake, na ce."

"Ya za a yi in sani? Sun share shago."

Na danna waya ta uku na tsinki na gefenta. Tuf. Tuf.

Na ce masa abubuwa. Na ce biro ya cinye masa kai, na ce ya kashe ubansa karo na biyu. Tsakaninmu akwai wasa tun muna yara, amma ranar ba wasa nake ba, shi ma ya sani. Ya zauna a bakin rijiya da takalminsa mai tsini.

"Ni ina na san ƙashi?" ya ce daga baya. "Ni ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini? Makarantar kwana ya kai ni, kai ya koya wa. Na ce bari in yi masa abu ɗaya da hannuna."

Na ɗauki jitar na tafi.

Sau ɗaya na taɓa ganin Kawu yana sassaƙa ƙashi, shekara ashirin da suka wuce, kuma ban sa hankali ba. Ranar Alhamis da sassafe na je mahauta na karɓo ƙwauri biyu. Na dafa su da toka don maiƙon ya fita, na shanya a kan kwano. Na tafi da su wurin ginin da nake yi, na ce wa mai aikin ba zai ga bulo ko ɗaya ba sai Litinin, ya yi abin da zai yi. Na zauna a inuwar bango da zarton ƙarfe da magagari. Na farko ya tsage tun ban gama tsagi na uku ba, bai bushe ba. Na biyu na gama shi Juma'a da yamma, amma garin neman wuri na kai wayoyin gefe bakin wuya, da na danna siririyar sai ta zame ta faɗa waje. Awon Kawu yana tsakanin na roba da nawa, ni kuma ban san inda yake ba. Mutumin da ya sani yana bayan coci ƙarƙashin ƙasa.

Asabar na kwance wayoyin duka don in fara na uku da guntun ƙashin da ya rage. Ina riƙe da ita tsirara, rana ta bugi wuyan ta gefe, sai na ga wani abu a kan ƙarafan nan da aka gicciya. Kowanne yana da 'yan ramuka shida, ƙanana, inda waya ta yi shekara arba'in tana cin ƙarfe ƙarƙashin yatsansa. Mai gyaran birni ya goge katako, bai taɓa ƙarfe ba. Na ja zare daga ƙasa zuwa sama ta kan kowane rami, yadda nake jan igiya in zan ɗora bulo, na sa alama da fensir a kan ƙashin inda zaren ya faɗa. Na yanka a hankali. Na tura tsinken ashana, na ƙara goga, na sake turawa. Da na ɗaura wayoyin na yi gwajin, ta sama ta yi magana, ta ƙasa ta yi magana. Ba kowa a wurin sai ni da tulin yashi.

Yini ɗaya ya rage mini na tuna abin da na bari shekara goma sha ɗaya, kuma bai isa ba. Ranar Lahadi na zauna a gaba, kan yatsuna na zafi kamar na taɓa garwashi. Baitin farko ya tafi daidai. A na biyu, inda kiɗan ke hawa, hannuna ya tsaya cak, na manta inda zai je. Ba wanda ya yi dariya. Matan zumunta suka ɗauke waƙar da baki suka wuce da ita, na bi su a baya ina lalube har na kamo su a baiti na uku, muka ƙarasa tare. Wani tsohon soja ya miƙe ya sara, ban san ko wa ya sara wa ba.

Aka watse aka tafi cin abinci. Taubashina ya zo ya karɓi jitar, ya gwada buɗa yatsunsa a kai, ya kasa.

"Tafi da ita," ya ce. "Ka mai da ta ta 'yan noma. Ba hannun da zai iya da ita a gidanmu."

Na sami Inna a bayan coci ita kaɗai, tana gyara ɗaurin kallabi.

"Inna, ya yi?"

"Ka yi tuntuɓe a tsakiya."

"Na yi."

"Sauran ban sani ba. Ina kallonka, idona yana ta gaya mini ba shi ba ne, kunnena bai sami wuri ba." Ta ja bakin zanenta. "Ni jin kiɗansa na fi sabawa da shi, ba kallonsa ba. A gida daga madafa nake jin shi, shi yana zaure. Gobe da la'asar ka zo. Kada ka shigo gaishe ni. Ka zauna a zaure kawai."

Na je. Baƙi duk sun koma, an kwashe bencuna, gidan ya yi faɗi. Na zauna a kan dakalin zaure na fara, a hankali, daga baitin farko. Ina jin ta a ciki tana hura wuta, tana jan bokiti, tana korar kaji. Na wuce wurin da na faɗi jiya ban faɗi ba. Na zagayo na sake ɗaukowa daga farko. Ina cikin zagaye na uku sai muryarta ta taso daga madafa, da ƙarfi, da ɗan faɗa a ciki, irin ta macen da ta faɗi abu sau dubu.

"Saje! Ruwan nan zai huce fa!"

Sai gidan ya yi tsit. Bokiti ya daina motsi.

Ban amsa ba, ban kuma leƙa ba. Na ci gaba da kaɗawa don kada ta ji kunyar in ji kukanta, har hayaƙin madafar ya mutu, sannan na rataya jitar a kafaɗa na tafi gida.

Allah ya ji ƙanka, Kawu. Ya sa ka isa gida lafiya.